Maganin da Ya Kamata Ya Shiga Lefe

Duk asibitin da ake awon ciki a Najeriya, mace ba ta fitowa hannu rabbana. Ana haɗo ta da ƙwayoyi a 'yar leda: jan nan na ƙarin jini, da wata 'yar mitsitsiya da ake kira folik asid. Hakan daidai ne, kuma ba na so wata ta karanta wannan rubutu ta ajiye nata. Sai dai babban aikin da wannan 'yar ƙwaya take yi wa ɗan da ke ciki, aikin da ya sa duniya ta san sunanta, lokacinsa yakan wuce tun kafin matar ta yafa mayafi ta nufi asibiti. Ihu muke yi bayan hari, kuma mun daɗe muna yinsa da zuciya ɗaya.

Ga yadda lissafin yake. A mako na uku da shigar ciki, akwai wani siririn faifai na ƙwayoyin halitta da ke shimfiɗe a gadon bayan ɗan tayi. Gefensa biyu sukan tashi su haɗu, kamar tela ya ninke ƙyalle ya soma ɗinki daga tsakiya yana bi zuwa baki biyu, har abin ya zama bututu. Daga bakin sama ƙwaƙwalwa za ta tsiro, sauran kuma shi ne zai zama lakar da ke ratsa ƙashin baya. Wajen kwana na 28 aikin nan ya kammala, ko ya rufu ko bai rufu ba. A lokacin ɗan tayin bai wuce milimita 5 ba, uwar kuma ba ta fi mako biyu da ganin ɓatan wata ba. Wata ma tana nan tana tantama, ko ciki ne ko jinkiri ne kawai.

In bakin sama ne bai rufu ba, sai a haifi jariri babu ƙoƙon kai, babu mafi yawan ƙwaƙwalwa. Irin wannan ba ya rayuwa: ko ya zo babu rai, ko ya koma cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Wani lokaci kuma ƙoƙon ya samu amma da rami, sai wani ɓangare na ƙwaƙwalwa ya ɓullo a ƙeya ko tsakanin idanu. In kuwa can ƙasa ne, shi ne abin da likitoci ke kira sifaina bifida, wato tsagewar ƙashin baya. Ungozoma za ta juya jariri ta ga wani ƙulli kamar jaka a bayansa, wani lokaci da fata a kai, wani lokaci a buɗe yana tsatsar ruwa. Jijiyoyin da ke ƙasa da wurin sun taɓu, don haka ƙafafu kan yi rauni ko su shanye, riƙe fitsari da bayan gida ya gagara. Mafi yawan masu irin buɗaɗɗen nan kuma ruwa yakan taru musu a kai, kan ya yi ta girma wata bayan wata.

Wani ƙiyasi da masana suka yi na shekarar 2015 ya ce an samu ciki kusan 260,000 a duniya da wannan matsala ta shafa, ban da waɗanda suka zube tun da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana cewa jarirai kusan 240,000 ne ke rasuwa duk shekara cikin kwana 28 na farko saboda tawayar da aka haife su da ita, kowace iri, kuma 9 cikin 10 na masu tawaya mai tsanani a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ake haifarsu.

Mu kuwa mun san abin da ke biyo bayan irin wannan haihuwa a cikin gida. Ana rage murya. A ce ɗan ruwa ne, a ce ta yi gamo, a ce tana fita da tsakar rana ko da almuru, a ce ta taɓa yi wa wani nakasasshe dariya, a ce kishiya ce. Dangin miji su ce ai su a zuriyarsu ba a taɓa ganin haka ba. Kowace magana aka ɗauko, ƙarshenta a kan matar take sauka, ita da ta sha wahalar wata tara kuma take kwance da jego. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk laifuffukan da ake jera mata na watannin da ciki ya fito ne, alhali abin ya auku tun ba ta ma tabbatar tana ɗauke da shi ba.

Yadda aka gano maganin labari ne mai tsawo, amma ya cancanci a ji shi, don kada a ɗauka wani sabon salo ne na masu sayar da magani. A 1931 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, tana aiki a Bombay ta Indiya, ta lura cewa wani irin ƙarancin jini da ke kashe mata masu ciki matalauta yana warkewa in an ba su Marmite, wani abin shafa wa burodi da ake yi da yis. Ba ta san mene ne a cikinsa ba. Sai a 1941 aka tace sinadarin daga ganyen alayyafon Turawa. A tsakiyar shekarun 1960 wasu likitoci biyu a Ingila, Elizabeth Hibbard da Richard Smithells, suka fara zargin cewa ƙarancinsa yana da hannu a tawayar jarirai. Aka yi ta gardama shekara da shekaru, har Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta shirya gwaji a ƙarƙashin Nicholas Wald. An ɗauki mata 1,817 a ƙasashe 7, dukkansu sun taɓa samun cikin da abin ya shafa. Cikin jarirai 27 da aka sake samu da matsalar, 6 kacal ne na matan da aka bai wa folik asid, 21 na waɗanda ba a ba su ba. Raguwar ta kai kashi 72 cikin 100. A 1991 aka dakatar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba, domin ci gaba da hana wasu matan maganin ya zama zalunci.

Shekara guda bayan haka Andrew Czeizel a Hangare ya nuna cewa kariyar ta haɗa har da matan da ba su taɓa haihuwar irin wannan ɗa ba. Sai kuma Sin, inda aka bi diddigin mata kusan 250,000, aka buga sakamakon a 1999. A arewacin ƙasar, inda abin ya yi ƙamari, 'yar ƙwaya mai maikurogiram 400 a kullum ta sauko da adadin daga kusan 5 cikin kowace haihuwa 1,000 zuwa 1. Ku lura da wannan: inda cutar ta fi yawa kuma cimar mutane ta fi rauni, nan maganin ya fi aiki. Sannan a duk gwaje-gwajen nan uku, tun kafin ciki ya shiga aka fara sha. Dalili kuwa shi ne sinadarin yana ɗaukar makonni kafin ya taru a jini yadda ake so. Shi ya sa shawarar ita ce a fara aƙalla wata ɗaya kafin ɗaukar ciki, a ci gaba har mako 12 na farko.

To, yaushe matanmu suke zuwa awo? Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 18 cikin 100 ne kawai suke fara awo a wata uku na farko. A Arewa ba sai an kawo mana alƙaluma ba. Mai cikin fari kunya ba za ta bar ta ta faɗa ko wa uwarta ba, sai laulayi ya tona mata asiri. Wadda ta saba haihuwa kuma tana ɓoyewa don gudun baki, ko ta ce sai ya yi ƙwari, ko maigida ya ce a bari kuɗi su samu. Shekaru ana wa'azin a je awo da wuri, kuma wa'azi ne mai kyau, ya ceci rayuka ta wasu fuskoki. Amma a wannan matsala, ko da kowace mace za ta garzaya asibiti a ranar da ta tabbatar da ciki, da yawa sun makara. Saboda haka ba na ganin laifin kunyar matanmu a nan kamar yadda wasu ma'aikatan lafiya suke gani. Matar Landan da ke da abin gwajin fitsari a ɗakinta ita ma tana makara.

Abin da ya sa ke nan ƙasashe da dama suka daina jiran mace ta zo, suka zuba sinadarin a cikin abincin kowa. Amurka ta wajabta shi a garin hatsi daga Janairun 1998, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 1,300 ne suke tsira duk shekara. Kanada ta yi nata a shekarar, matsalar ta ragu da kashi 46 cikin 100. Chile ta bi sahu a 2000. Afirka ta Kudu ta sa shi a garin masara da fulawa a 2003, ta ga raguwar kusan kashi 30. Abin mamaki, Birtaniya da ta yi gwajin 1991 sai da ta shafe shekara 30 tana jan ƙafa kafin ta yanke shawarar yin haka a 2021. Jinkirin hukuma ba a kanmu aka fara shi ba, ko da yake wannan ba abin ta'aziyya ba ne. A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri yana kiran ƙasashe su ƙarfafa abincinsu da irin waɗannan sinadarai.

Najeriya tana da doka. Tun 2002 aka wajabta sa bitamin A a fulawa da garin masara da sukari da man girki, wanda shi ne asalin alamar idon nan da ake gani a jikin buhu, daga baya kuma aka shigar da folik asid cikin ƙa'idar fulawa. A takarda mun yi abin da ya kamata. Amma wa ke cin garin kamfani? Matar da ke ƙauyen Jigawa ko Katsina ko Zamfara daga rumbu take ɗebo gero da dawa da masara, ta surfa, ta aika yaro injin niƙa na bakin kasuwa. Tuwonta da kununta da furarta ba su taɓa bi ta wata masana'anta ba, balle wani jami'in NAFDAC ya duba su. Dokar ta fi amfanar mai cin burodi da taliya kullum, wato wanda dama ya fi samun nama da ƙwai da kayan lambu. Wadda aka yi dokar dominta, ita ce dokar ba ta isa gidanta ba.

Akwai abu biyu da suke shiga kowace tukunya, ta mai kuɗi da ta talaka: gishiri da dunƙulen magi. Gishiri mun riga mun ga aikinsa, don sinadarin aidin da aka wajabta a cikinsa tun farkon shekarun 1990 shi ya rage maƙoƙo a garuruwanmu, ba tare da an ce wa kowa ya canza cimarsa ba. A 2024 an fitar da ƙa'idar ƙara wa dunƙulen sinadarin ƙarfe da zinki da folik asid da bitamin B12, sai dai an bar wa kamfanoni zaɓi, wanda ya ga dama ya yi. A ganina nan ne ya kamata 'yan majalisarmu su sa ƙarfi. Na san likitocin hawan jini za su ɗaga gira, kuma da gaskiyarsu, gishirin da ke cikin dunƙulen ya yi yawa. Ba cewa ake yi a ƙara yawan wanda ake jefawa a miya ba. Wanda dama za a jefa, ya zo da amfani.

Wani zai ce a ci abinci mai kyau mana. Gaskiya ne wake da gyaɗa da alayyafo da kuɓewa da lemu duk suna ɗauke da sinadarin, kuma a ci su. Amma na cikin abinci ba ya jure wuta, mu kuwa miyarmu sai ta yi lugub muke saukewa, jiki kuma bai iya tsotsarsa kamar yadda yake tsotsar na ƙwaya. Ƙasashen da suka fi mu cin ganye ma ba su dogara da shi kaɗai ba.

Kafin majalisa ta farka, akwai abin da ke hannunmu, kuma a nan muna da wata dama da Turawa ba su da ita. A wurinmu mafi yawan cikin fari yana biyo bayan aure ne, aure kuwa ana sa masa rana. Wata biyu, wata uku, kowa ya san yarinya za ta tare. A wannan tsakanin ne ake tsare ta a ɗaka ana gyaran jiki, dilka da halawa da turaruka, ana ɗura mata tsumi da gumba da kazar amare, ana kashe dubban nairori. Folik asid na wata uku bai kai kuɗin kwalbar humra ɗaya ba. Me zai hana ya shiga cikin kayan? Masu gyaran amare sun fi kowane likita samun kunnen yarinya a waɗannan makonni, kuma in suka karɓi abu, cikin shekara guda sai ya zama ya yi. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, ana duba jini saboda sikila, da ƙanjamau da ciwon hanta. Ga saurayi da budurwa sun zo da ƙafarsu gaban ma'aikacin lafiya, a daidai lokacin da ake buƙata, sai a miƙa musu takardar sakamako su tafi. Minti biyu na bayani da 'yar ledar magani sun isa. Kuma ango ya ji da kunnensa, don shi zai saya in ya ƙare.

Ba amare kaɗai ba. Macen da ke goyo ba ta sa wa ciki na gaba rana, sau da yawa ma sai dai ta ga ya shiga, jikinta kuma bai gama mayar da abin da na baya ya kwashe ba. Duk macen da za ta iya ɗaukar ciki, hanya mafi sauƙi ita ce ta mayar da shi abin kullum.

Sai dai a kula da awo. Wanda ake so ga yawancin mata shi ne maikurogiram 400, wato miligiram 0.4. Wanda ya cika kyamis-kyamis ɗinmu kuwa mai miligiram 5 ne, ya ninka wancan fiye da sau 12. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar sauro, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa shan miligiram 5 kullum yana rage ƙarfin Fansidar, maganin da ake bai wa masu ciki daga wata na huɗu don kare su daga zazzaɓin cizon sauro. Ya kamata masu sayo wa asibitocin gwamnati magani su san wannan, su wadata mu da ƙaramin. Babban na waɗanda likita ya rubuta wa ne.

Na san kuma akwai masu ɗar-ɗar da duk abin da aka ce a bai wa 'yan mata ko a zuba a abinci, kuma ba zan yi musu dariya ba. Gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma da wannan tabon aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003. Amsar ita ce a yi bayani a fili, da Hausa, ta bakin mutanen da aka yarda da su: wannan bitamin ne da ke cikin waken da muke ci, ba ya hana haihuwa, masu neman haihuwa ma ake bai wa. Malamanmu da suka tsaya a kan gwajin sikila har ya karɓu, za su iya wannan. Mai cewa ai ƙaddara ce, gaskiya ya faɗa, kuma da wannan imanin ne iyaye da yawa suke samun haƙurin rainon irin waɗannan yara. Amma wanda ya yarda da ƙaddara bai fasa kafa gidan sauro ba.

Kada kuma a ɗora wa ƙwayar abin da ba za ta iya ba. Ba ta hana duka, kuma ba kowace tawaya ce ta bututun laka ba. Zuciya da leɓe da ganda da gaɓoɓi duk a cikin mako takwas na farko suke fara samuwa, shi ya sa waɗannan makonni suka fi kowane lokaci haɗari. Duniya ta koyi wannan da tsada a kan talidomaid, maganin da aka riƙa bai wa masu laulayi daga 1957 zuwa 1961, aka haifi yara sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Duk wadda ke aika yaro kyamis ya haɗo mata na amai da na ciwon kai, ko take shan jiƙe-jiƙen da ba ta san abin da ke ciki ba, ta tuna da wannan. Maganin farfaɗiya da ake sayarwa da sunan Epilim yana jawo wa kusan 1 cikin 10 na jariran masu shansa tawaya babba, amma kada mai farfaɗiya ta yanke shi da kanta, don faɗuwar ma haɗari ce gare su su biyun: ta ga likita ya canza mata tun kafin ciki. Ciwon sugan da ba a daidaita ba, da ƙiba mai yawa, da zazzaɓi mai zafi a makonnin farko, duk suna ƙara haɗarin. Ƙyandar Jamus, wadda kan zo wa babba da ɗan zazzaɓi da ƙuraje kawai, tana iya makantar da ɗan tayi ko ta kurmantar da shi ko ta huda masa zuciya, kuma tana da rigakafi. Har masarar da ta yi fumfuna a rumbu, bincike ya alaƙanta gubarta da yawaitar jarirai marasa ƙoƙon kai da aka gani a kudancin Texas ta Amurka a 1990 da 1991.

Saura waɗanda aka riga aka haifa, don rigakafi ba zai yi musu komai ba. Jaririn da ya zo da buɗaɗɗen baya, ana so a rufe wurin da tiyata cikin kwana biyu zuwa uku, kafin ƙwayoyin cuta su bi ta nan su hau ƙwaƙwalwa. Kada a shafa komai, kada a gasa da ruwan zafi, kada a kira wanzami ya tsaga. A rufe da tsaftataccen bandeji, a kwantar da shi a kan cikinsa ko gefensa, a kama hanya, ba sai an jira suna ba. Asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Ruwan kai ma yana da magani: ko a sa siririn bututu da ke janye shi zuwa ciki, ko a buɗe masa hanya a cikin ƙwaƙwalwar da na'ura, dabarar da wani likita Ba'amurke, Benjamin Warf, ya inganta a garin Mbale na Yuganda saboda yaran ƙauye da ke nesa da asibiti. Bayan tiyata, abin da ya fi yi wa waɗannan yara ɓarna a ɓoye shi ne ƙoda, saboda fitsarin da ke taruwa a mafitsara, kuma uwa tana iya koyon fitar da shi da 'yar roba mai tsafta a gida. Da yawansu ƙwaƙwalwarsu ras take, makaranta suke buƙata da keken guragu. Tanni Grey-Thompson da sifaina bifida aka haife ta a 1969, ta ci zinare 11 a gasar nakasassu ta duniya, yanzu tana Majalisar Dattawan Birtaniya.

Ita kuma uwar, ko ɗanta ya rayu ko ya koma, ita ce ta fi kowace mace a unguwar buƙatar wannan magani, don haɗarin sake faruwar abin a cikinta na gaba ya ninka na sauran mata sau da yawa. A kan irinta aka yi gwajin 1991, ita ce kuma ake rubuta wa babban awon, miligiram 4 ko 5, ta fara tun kafin wani cikin. Galibi sai a sallame ta da "Allah Ya ba da haƙuri", dangi kuma su yi mata addu'ar Allah Ya mayar da gurbi da wuri, wata shida ko bakwai sai ga wani cikin. Likita ko ungozomar da ta karɓi wannan haihuwa, kada ta bari matar ta bar gadon asibiti sai ta kira mijin, ta yi musu bayani tare, ta rubuta maganin a katin sallama.